Takarda ta Biyu

A watan Janairun 2023 na sa hannu a takardar cinikin wani gida a Rijiyar Zaki, cikin Kano: ɗaki uku da falo, da shago ɗaya a waje. Na ba da kafin alƙalami, aka rubuta zan cika sauran cikin wata biyu, shi kuma mai gidan ya miƙa min makulli babu kowa a ciki. Shaidu biyu-biyu suka sa hannu, mai unguwa ya buga hatiminsa.

Sai ga canjin takardun naira. Duk wanda ke ƙasar nan a Fabrairun shekarar ya san abin da nake nufi: layi a bakin banki tun asuba, taransifa ta tafi ta maƙale. Nawa kuɗin suna hannun waɗanda na ba kaya bashi a kasuwar Kantin Kwari, su ma kuka suke. Na kira dillali na ce ya roƙar min ƙarin lokaci. Da yamma ya ce, "Ai Alhaji ya ce ba komai." Na yi barcina.

Yayana ne ya tashe ni. "Kai, Alhajin ne ya faɗa maka da bakinsa?" Na ce a'a. "To ran da wani ya zo ya ɗora wani abu a kan kuɗinka, takarda za a karanta, kuma wata biyu ta ce." Ya tuna min da aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a rubuta bashi idan an yanka masa lokaci. Na ji kunya, don na san ta.

Muka je wurin Alhaji da kanmu. Ashe shi ma yana da tasa matsalar da dillali bai taɓa faɗa min ba: telan da ke shagon ya biya haya har zuwa Babbar Sallah. Da na cika kuɗi a Maris, da gida zan karɓa da ɗan haya a ciki.

Ni da na so a soke kwanan watan da biro kawai a rubuta sabo a samansa. Lauya ya hana. Ya ce takardar da aka kankare kowa zai iya cewa bayan idonsa aka yi. Ya rubuta wata daban, shafi ɗaya. Ta ambaci ta farko da ranar da aka yi ta, ta ce wa'adin biya ya koma ƙarshen Yuni, farashi bai motsa ba, zan riƙe wani kaso sai tela ya fita, sauran sharuɗɗa kuma suna nan daram. Ya dage sai shaidun farko, su ɗin dai. Ɗaya yana Zariya, muka jira shi kwana huɗu. Ya kuma ja kunnena cewa gidan mai satifiket ne, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, kuma dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna mallaka ke komawa hannun wani, don haka kada takardunmu su saɓa wa juna.

A Mayu wani ƙanen Alhaji ya fara cewa gidaje sun tashi, a sake zama. Alhaji ya ɗauko shafin nan daga aljihun babbar rigarsa ya miƙa masa.

Kwana uku bayan Sallah tela ya ɗora kekensa a kura, na tura ragowar kuɗin a gaban mai unguwa, aka ba ni makulli a ɗaure da ƙyallen atamfa.