Sunayen da ke jikin bulo a Brantford

Kwana tara na yi a Toronto wajen ƙanwata kafin 'yarta ta matsa mini. Ranar 30 ga Satumba ta fito da riga ruwan lemo, ta miƙo mini ɗaya, ta ce, "Kawu, yau ba zaman gida. Akwai inda zan kai ka."

Muka kama hanyar Brantford, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna a mota. A hanya ta ba ni labarin rigar, yadda aka koya musu a makaranta. Wata mata ce, Phyllis Webstad, tana 'yar shekara 6 kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo, a 1973. Ranar da aka kai ta makarantar kwana aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba. Tun 2021 gwamnatin Kanada ta mai da wannan rana ta tunawa da 'ya'yan 'yan asalin ƙasar da aka kai makarantun kwana.

Ginin da muka je, tsohuwar makarantar kwana ta Mohawk Institute, doguwar hanya ce mai bishiyoyi ke kai ka ƙofarsa. Makaranta ce mai alaƙa da cocin Angilikan, ta yi aiki daga farkon shekarun 1830 har aka rufe a 1970. Nan ake kawo 'ya'yan 'yan asalin ƙasar, da yawa ba da son iyayensu ba, a aske musu kai, a ba kowa lamba. Wanda aka ji yana yarensu duka ne rabonsa. Yaran sun laƙaba wa wurin suna saboda kunun da ake ɗura musu kullum. A 1903 wasunsu suka cinna masa wuta, aka sake ginawa.

Abin da ya tsaya mini a rai yana bayan ginin. Jikin jan bulo cike yake da sunaye da yaran suka kankare, wasu da shekara a gefe. Na sa yatsa a kan wani, rubutun a karkace, daidai ƙuguna. Tsawon mai shi ke nan lokacin da ya rubuta. Na daɗe a tsaye, 'yar ƙanwata ba ta ce mini komai ba.

Na tuna a firamarenmu ana cin tarar wanda ya yi Hausa a aji. Amma mu da an tashi sai gida, mu tarar da inna da tuwonta da harshenta. Waɗannan wata da watanni ba su ga uwa ba, wasu kuma a can suka mutu. Yara kusan 150,000 aka bi da su ta irin waɗannan makarantu a faɗin Kanada.

Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar binciken gaskiya da sulhu kuma ta fitar da buƙatu 94 a 2015. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne mutanen Six Nations, 'yan asalin ƙasar da ke wannan yanki, da suka ƙi yarda a rushe ginin, suka ce a bar shi ya zama shaida. Yanzu cibiyar al'adunsu ta Woodland ke riƙe da shi, har ana aikin raya harsunan da aka hana a cikinsa.

Da za mu tafi, na ga wata tsohuwa riƙe da hannun jikanta tana nuna masa wata taga a bene, tana yi masa magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma yaron yana amsa mata.