Tsakanin Naira da Sefa: Teburinmu na Canji a Jibiya

Shagonmu ba wani babba ba ne. Tebur guda ne, da akwatin ƙarfe, da injin ƙirga, sai yara biyu da na koyar da hannuna. Amma fataken da ke bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi, masu sayo wake da masu sayo shanu, sun san cewa sefar (kuɗin Nijar) da ta fita daga hannunmu babu wanda zai dawo musu da ita a can ya ce ba ta da kyau.

Wurin kawuna na koyi sana'ar. Shi tun zamanin fam da sule yake cikinta, a gabansa aka kawo naira a watan Janairun 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu. Yaran yanzu idan na gaya musu cewa a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi a farashin gwamnati, dariya suke yi. A lokacin, mutumin Maraɗi naira yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Sai aka yi canjin Buhari a watan Afrilun 1984: aka sauya launin takardu, aka rufe iyaka, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin banki. Waɗanda nairarsu ke tsallaken iyaka da yawa sun tafka asara. Tun daga nan kawu bai ƙara yarda kuɗin ƙasa ɗaya su kwana masa da yawa a akwati ba, ni ma haka na gada. Daga 1986, da Babangida ya saki naira ga kasuwa, sai ta kama gangara.

Ina yaron shago, aikina ɗaure ƙulli da roba da sayo shayi, aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994. An kwanta faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka tashi yana 100. Na ga dattawa sun kewaye rediyo, babu mai yarda ya faɗi farashi, masu kaya suna tsaye da kuɗi a hannu har rana ta take. Kawu ne ya ɗauki biro ya yi lissafi a bayan kwalin sukari, ya buɗe ciniki. Sauran suka bi bayansa.

Tun wannan karon ba a sake taɓa sefa ba. A 1999 aka ɗaure ta da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau a nan take. Shi ya sa idan mutum ya zo yana ƙorafin sefa ta tashi, nakan ce masa: Alhaji, sefa tana inda take, naira ce ta sauka. A 2015 jika ɗaya, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 400 ba. Wajen ƙarshen 2022 sefa da naira suka yi kunnen doki. Bayan da gwamnatin Tinubu ta haɗe farashin canji a watan Yunin 2023, sai ga jika ta haura naira 2,000 a 2024. Mai sayo rago a Nijar ya ji a jikinsa, mutumin Nijar da ke sayayya a Kano kuwa kakarsa ta yanke saƙa.

To amma sanin farashi ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar tana yatsa da ido. Takardar jika goma ta gaskiya tana da kauri da ɗan ƙaiƙayi a inda aka buga rubutu, jabu kuwa sumul take, ko ta yi laushi idan ka murza ta. Muna ɗaga kowace ga haske mu duba zare da hoton ruwa, injin ƙirga kuwa ƙirga kawai ya iya. Muna duba harafin da ke gefen lamba, H na Nijar, B na Binin, K na Sanigal, duk ɗaya suke a kasuwa. Sefar Kamaru da Chadi ce daban. Darajarsu ɗaya a takarda, amma bankin da ke buga ta daban, kuma mai shago a Maraɗi ba zai karɓa ba. Akwai kuma tsofaffin takardun da aka soke a 2004, har yanzu akan samu maras tsoron Allah ya cusa ɗaya a tsakiyar ƙulli. Sannan dole kanka ya iya lissafin dala, wato sefa biyar, domin Bamaraɗe ba zai ce sefa 500 ba, dala ɗari zai ce, ka ninka biyar kafin ya rufe baki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaran da suka shigo jiya. Waya ɗaya, jaka a kafaɗa, shi ke nan ya zama ɗan canji. Zai rage naira biyar a kan jika ya janye maka mutum, gobe mutumin ya dawo teburinmu da takarda biyu jabu yana neman mu duba masa, yaron kuma ya kashe waya. Lokacin ƙarancin naira a farkon 2023, da rufe iyakar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin shekarar, irinsu ɓacewa suka yi da kuɗin mutane. Mu muna nan, kowa ya karɓi abinsa.

Sai kuma masu zuwa su miƙo mini waya: ga abin da Google ya ce. Nakan ce masa, ranka ya daɗe, to Google ya ba ka sefar mana. Farashin Jibiya yana bin na Wapa a Kano da na Maraɗi, yana kuma bin yawan masu nema. Gab da babbar Salla, da masu raguna suka yi dafifi, sefa takan yi wuya a kasuwa.

Wanda zai canza da yawa ya sanar da mu tun dare, musamman idan ƙauye zai shiga saye, don mu tanadar masa 'yan jika ɗaya da jika biyu. A kasuwannin daji canjin jika goma wahala yake.