Ƙidayar halittu a gefen taro: hoton da bai ɗauke da wuri da rana ba shi da amfani

Duk wanda zai haɗa taron masana kan rayayyun halittu da fita ƙidayar tsuntsaye da tsirrai da ƙwari, to ya fara warware yadda hoto zai tashi daga wayar mutum ya isa rumbun bayanai da wurinsa da kwanan watansa a jikinsa. Mota da ruwan sha da riguna masu tambari duk suna gyaruwa ko a ranar. Wannan kuwa in ya lalace, ya lalace. Mun shirya irin wannan ƙidaya a gefen wani taro a wata jami'a a Arewa, ɗalibai da malamai da masu kallon tsuntsaye suka fito fiye da zatonmu, kuma har yau in na tuna hotunan da suka tashi a banza sai raina ya ɓaci.

Manhajar iNaturalist muka zaɓa, wadda ake ɗora hoton halitta a kanta masana su sa mata suna. Ƙa'idarta sananniya ce: rahoto ba ya shiga layin tantancewa sai yana da hoto ko sauti, da rana, da wuri, kuma halittar ta daji ce. Ba ya hawa matakin da masu bincike ke karɓa sai aƙalla mutum biyu sun sa masa suna, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu sa sunan sun dace a kan nau'i ɗaya. Da aka isa fadama sabis ya ɗauke, wasu ba su sauke manhajar ba, wasu sun manta kalmar sirri. Nan take aka yanke shawarar da kowa ya ga ta yi daidai: a ɗauka da kyamarar waya, a tura zauren WhatsApp, masu kwamfuta su ɗora da yamma.

WhatsApp yana matse hoto, yana kuma goge bayanan da kyamara ta liƙa masa, wato inda aka ɗauka da lokacin da aka ɗauka. Da yamma muka buɗe kwamfuta muka tarar da tulin hotuna masu kyau, ga zalɓe, ga mazari, ga furen da ko masanin tsirranmu sai da ya gyara zama, amma ba ɗaya da ya san inda ya fito. Aka koma tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Amsar ba ta wuce "can bayan ɗakin karatu" ko "wajen ruwan nan", a harabar da katangarta ta kai kilomitoci. Waɗanda suka kunna lokeshan a kyamararsu mun ceto nasu daga wayoyinsu ta kebul. Mafi yawa a kashe yake.

Maganin ba shi da tsada, kuma a teburin rajista ake yinsa, kwana ɗaya kafin fita. A ajiye mutum biyu da abin raba intanet, aikinsu ke nan kawai. Kowa ya sauke manhajar a gabansu, ya buɗe asusu, ya tabbatar da imel ɗinsa, ya ba manhajar da kyamara izinin lokeshan, sannan ya fita ƙofar zaure ya ɗauki tumfafiya ko ƙadangaren da ke kan katanga ya ɗora. Sai an ga ɗigonsa ya bayyana a taswira za a rubuta sunansa cikin masu fita. A gaya wa kowa cewa GPS ba ya buƙatar sabis ko data: a kashe ɗorawa ta kai tsaye, a ɗauka cikin manhajar, a tsaya 'yan daƙiƙoƙi har da'irar wurin ta tsuke zuwa mita ashirin ko ƙasa, a adana, a ɗora in an dawo gari. In dole sai an tura wa wani, a tura a matsayin fayil, ta inda aka rubuta Document, don ta nan bayanan ba sa gogewa. Masu babbar kyamara kuma su daidaita agogonta, su riƙa ɗaukar wurin da waya a duk inda suka tsaya.

Shafin ƙidayar a iNaturalist, inda rahotannin kowa za su taru, a buɗe shi tun da sauran makonni. Irin wanda ke tattara rahotanni da kansa bisa iyakar wuri da kwanaki ya fi, don ba sai kowa ya tuna ya saka nasa ba. Zana sabuwar iyaka yana buƙatar asusun da ya riga ya ɗora rahotanni 50 masu inganci, saboda haka kada a bar wa sabon asusun kwamitin taro wannan aiki. Iyakar kuma a faɗaɗa ta, ta haɗa haraba da fadama da gonakin da ke tsakani.

Rikici na biyu na jadawali ne. Kwamitin taro zai so ya sa fita bayan bikin buɗewa, ko a cusa ta da rana tsakanin zama biyu. Kada ku yarda. Manyan baƙi ba sa zuwa a kan lokaci, tsuntsu kuma ba ya jira. Ana idar da sallar asuba motoci su tashi, ƙarfe shida a fili, tara da rabi an dawo an karya kafin zaman farko. Ƙwari masu tashi da ƙadangaru sun fi fitowa in rana ta ɗan ɗaga, don haka rukuninsu ya fita da hantsi, kuma a zaɓe su daga cikin waɗanda ba su da takardar gabatarwa a ranar. Bayan isha'i a rataya farin zanen gado tsakanin itatuwa biyu a haska shi da fitila mai ƙarfi, nesa da fitilun haraba. Awa biyu a wurin nan kan kawo nau'o'in ƙwarin da yini guda bai kawo ba, kuma shi ne ɓangaren da baƙi suka fi jin daɗi.

Watan da taron ya faɗo shi zai faɗa muku abin da za ku nema. Da hunturu tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna nan, daga wajen Oktoba zuwa Maris, amma ciyawa ta bushe, kwaɗi sun ɓuya, hazo kuma yana dishe hoto. A Agusta da Satumba tsirrai na fure, malam-buɗe-littafi da fara sun cika ko'ina, shamuwa tana nan, sai dai hanyar fadama ta zama taɓo. Alƙawarin da za a yi wa mahalarta ya bi wannan.

Rukuni kada ya wuce mutum shida, da jagora ɗaya wanda ya san abin da ake nema, da fawa bank ɗaya, da yankinsa da aka shata masa. In ba a raba yanki ba mutum ashirin za su taru a kan ƙadangare ɗaya. Takalmi rufaffe dole ne, kuma ba a ɗaga dutse ko kututture da hannu a ƙasar da ake da kububuwa. Izini a nema tun da wuri daga shugaban masu gadi da mai unguwar da gonakinsa ke kan hanya, a kuma ja kunnen kowa kada ya ɗaga waya kusa da shingen jami'an tsaro, kada ya taka shuka.

Masu tsuntsaye sun fi kowa tsira daga asarar hotunan nan, domin su da manhajar BirdLasser ta rubuta tsuntsaye suke aiki, bisa tsarin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke jagoranta. Murabba'insu, wanda suke kira pentad, kusan kilomita tara ne kowane gefe, ana ba shi aƙalla awa biyu, ana rubuta tsuntsaye bisa jerin da aka gan su ko aka ji kukansu, kowanne da wurinsa nan take. Ba su jira kowa ya ɗora musu ba. Na yi alfahari da katin jerin tsuntsayen da suka miƙa, kuma shi ya ƙara nuna min girman abin da muka rasa a ɓangaren tsirrai da ƙwari.

Babbar ribar yin ƙidaya a gefen taro ita ce masanan da ke zaune a zaure ɗaya. A ware musu awa biyu da majigi a daren da ya biyo bayan fita, a sa shi cikin jadawalin da aka buga, kada ya zama na wanda ya ga dama. A nan ake kama kurakurai. Manhajar tana ba da shawarar suna daga hoto, kuma a yankinmu da rahotanni ba su da yawa takan kawo sunan halittar wata nahiya. Ɗalibi ya karɓa, abokinsa ya danna amincewa don zumunci, shi ke nan kuskure ya hau matakin bincike. A gaya musu in ba su tabbata ba su tsaya a "tsiro" ko "ƙwaro". Itace kuma a ɗauke shi duka, sannan ganye, fure ko 'ya'ya, da ɓawo, duk a rahoto ɗaya. Darbejiya da mangwaro da turaren da aka dasa a haraba a yi musu alamar shuka ce, ba su cikin lissafi. Gawo da bagaruwa da aduwar da suka fito da kansu a bakin gona su ake so. A zamanmu masanan sun sa wa da yawa daga hotunan WhatsApp ɗin nan suna har zuwa nau'i, cikin minti kaɗan, alhali ba inda za a kai su.

Sheƙar ungulu kada a sanar da wurinta a zaure ko a zauren waya. Tun 2015 ungulun da muka saba gani a mahauta take cikin jerin masu gab da ƙarewa, kuma ana farautarta don sayarwa. Manhajar tana ɓoye ainihin wurin irin waɗannan cikin fili mai faɗin kusan kilomita 20, wanda kan sa rahoton ya ƙi bayyana a shafin ƙidayar in iyakarku ƙarama ce. Kada wani ya buɗe wurin don a ƙara lamba ɗaya.

A zaman rufewa za a matsa muku ku faɗi adadin nau'o'i don a tafa. Ku faɗi yawan rahotanni da yawan masu fita, ku ce jerin nau'o'i yana tafe. Gasar birane ta City Nature Challenge, wadda ta faro a 2016 tsakanin Los Angeles da San Francisco, kwana huɗu take ba mutane su ɗauka, sannan ta ƙara kwanaki don ɗorawa da tantancewa kafin sakamako. Ku ma ku ba da mako guda. Kafin motoci su watse a rubuta sunayen mutum uku da za su bi ragowar rahotannin, a saya musu data daga kuɗin taro, a kuma sa su duba cewa kowa ya bar lasisin rahotonsa a buɗe, domin wanda aka kulle haƙƙinsa ba ya wucewa zuwa rumbun bayanan halittu na duniya, wato GBIF, ko da an tantance shi.