Abin da Busasshen Kogin Finiks Ya Koya Mini

Ranar farko da malaminmu na ilimin ruwa ya kai mu gaɓar Kogin Solt, a tsakiyar birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, ban ga abin da zan kira kogi ba. Wani faffaɗan kwari ne cike da yashi da tsakuwa, doguwar gada ta ratsa samansa, motoci suna ta kai da komo. Na rubuta a littafina cewa haka kogin hamada yake, tun da ruwan saman da birnin ke samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 200. Malamin ya leƙa littafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce in je in binciko wanda ya ɗauke ruwan, domin ba hamada ce ta shanye shi ba.

Binciken ya ci mini zangon karatu guda. Ashe kogin nan a da yana gudana rani da damina, saboda daga duwatsun gabashin jihar yake samun ruwansa, inda ƙanƙara ke narkewa ta gangaro. Mutanen da masana suke kira Hohokam sun yi ɗaruruwan shekaru suna haƙa magudanai da hannu, tsawon ɗaruruwan kilomita, suna noman masara da wake da auduga, har zuwa wajen shekarar 1450. Da wani Ba'amurke mai suna Jack Swilling ya zo a 1867, sawun waɗannan tsofaffin magudanai ya bi ya yashe su, kuma daga nan garin ya samu sunan Finiks, tsuntsun almara da ke tashi daga tokarsa. Sai aka gina madatsar Giranit Rif a 1908, wadda ke karkatar da ruwan zuwa magudanan gonaki da gari, aka kuma kammala babbar madatsar Rusbelt a 1911. Tun daga lokacin, abin da ke ƙasa da madatsun ya koma fako, mutane suka mai da shi wurin ɗibar tsakuwa da zubar da shara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin al'ummar Akimel O'odham, 'yan asalin yankin, waɗanda ma'anar sunansu ita ce mutanen kogi. A ƙarshen ƙarni na 19 baƙin manoma suka tare musu ruwan Kogin Hila, wanda Solt ke zubawa cikinsa, daga sama, gonakinsu suka bushe, yunwa ta shiga cikinsu, kuma sai a 2004 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta tabbatar musu da kasonsu. A ganina, duk ɗalibin da ya iya lissafin ruwan da ke bayan madatsa amma bai san wannan tarihi ba, rabin karatu ya yi.

Na kuma fahimci cewa kogi ba ya mantuwa da hanyarsa, domin a watan Fabrairun 1980 ambaliya ta cika kwarin nan, ta hana amfani da yawancin gadojin birnin.

Aikin fili ne ya sauya mini tunani game da namun daji. An tura mu ƙidayar tsuntsaye a Riyo Salado, wani yanki na kwarin Kogin Solt mai tsawon kimanin kilomita 8 da aka kwashe shararsa, aka dasa itatuwan bakin ruwa, aka buɗe shi a 2005. Na je da zaton ba zan ga komai ba sai tattabarun gari. Gari bai gama wayewa ba na hango zalɓe tsaye cikin ruwan da bai wuce idon sawu ba, bai ko motsa ba duk da ƙarar jiragen sama da ke sauka kusa da wurin. An ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 200 a wannan ɗan yanki. Can ƙasa kuwa, a Tires Riyos, kusa da inda kogunan Solt da Hila da Agwa Firiya suke haɗuwa, ruwan da aka tace daga ƙazantar birnin ne ke raya fadama guda, da agwagin ruwa da kifi da ciyayinta. Da farko abin ya ba ni ƙyanƙyami, sai daga baya na gane cewa a garin da aka riga aka raba kowane ɗigon kogi, wannan ruwan ne kaɗai ba ya yankewa ko da bazara ta tsananta.

A can ne wata abokiyar karatuna ta kira ni in ga wani kututture. An sare shi har ya yi tsini, ga sawun haƙora a jikinsa, ga ɓarbashin itace ɗanye a ƙasa. Aikin biba ne, dabbar ruwan nan mai faffaɗar wutsiya da ke sarar itace ta datse rafi. Na durƙusa na shafa wurin, na ji shi da danshi, alamar a daren jiya aka yi aikin. Da na koma masauki na buɗe littafina na farkon zango, na ja layi a kan abin da na rubuta a bakin gada, na rubuta kwanan wata da wurin da na ga kututturen.