Farin garin da ke cin kafon mota

Duk wanda ya koyi gyaran jikin mota a zamanin Peugeot 504 da tsofaffin Hilux, tsatsa iri ɗaya ya sani. Ja ce, tana cin ƙarfe har ta huda shi, kai kuma ka yanke wurin, ka sa faci, ka yi walda, ka shafe da mastik, wato ƙullin da ake cike rami da shi, ka fesa fenti. A kan haka na tashi, kuma har gobe shi ne yawancin aikin da ke shigo wa garejina a nan Tawa. Ƙaramin wuri ne: rumfar kwano, kwamfuresa, ɗakin da muke rufewa idan za a yi fenti, sai ni da yaran da ke koyon aiki. To amma a ƴan shekarun nan ana ta kawo mini wani ciwo wanda iyayen gidanmu ba su koya mana maganinsa ba.

Mota ce tsaf, ba ta yi karo ba, fentinta na sheƙi, amma bakin kafo, wato murfin inji, daidai saman fitilu, ya yi ƙuraje. Ka sa farce, fentin ya ɓare, a ƙarƙashinsa ba ja za ka gani ba, farin gari ne mai laushi. Wani lokacin kuma siraran layuka ne ke tafiya a ƙarƙashin fenti suna lanƙwasa, sun taso daga inda tsakuwa ta taɓa ƙwarzanar wurin. Abin da nake fara yi shi ne in ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika da ke rataye a bakin ƙofa, in ɗora a kan kafon. Idan ya zame ya faɗi, magana ta ƙare, alminiyom ne.

Masu ƙera motoci ba don ƙawa suka koma masa ba. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma mota in ta rage nauyi ta rage shan mai. Peugeot 307 kafonta alminiyom ne, haka Mercedes E da ta fito a 2002, haka Prius, haka Camry daga 2018. Ford F-150 tun daga 2015 kusan duk jikinta alminiyom ne, Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 kuwa har ƙofofi da rufi. Ke nan ba abu ne da zai wuce ba, ƙaruwa zai yi.

Mai mota yakan ce, "Ai alminiyom ba ya tsatsa." Yana da rabin gaskiya. Da zarar iska ta taɓa shi, yana yi wa kansa wata siririyar fata da ido ba ya gani, ita ke tsare shi. Gishiri ne babban abokin gabarta, musamman in ya samu danshin da zai kwanta a ciki. Idan kuma alminiyom ya taɓa ƙarfe alhali akwai ruwan gishiri a tsakaninsu, wurin ya zama ƙaramin batir, kuma alminiyom ɗin ne ke cinyewa, ƙarfen yana nan daram. Kafo fata biyu ne, ta waje da ƙashin ciki, ana naɗe bakin ta wajen a kan ta cikin. A wannan naɗi ruwa ke maƙalewa, shi ya sa kusan kullum daga baki ciwon ke farawa, ba daga tsakiya ba.

To ina gishiri a Tawa, garin da ake wata takwas ba a ga ɗigon ruwan sama ba? Da motar ya zo. Motocin nan namu na hannu ne, da yawansu sun yi shekaru a Kanada, arewacin Amurka ko Turai, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara. Daga nan su shiga jirgin ruwa, su zo su yi zaman jira a filin motoci kusa da teku. A da ta Kwatano suke biyowa. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, da yawa ta Lome suke zagayowa su ratso Burkina, zaman jiran ma ya ƙaru. Idan mota ta iso nan, rani yana kwantar da ciwon, mai ita ya ɗauka lafiya lau. Hunturu ya zo da yashinsa ya yi ta dukan bakin kafo, hanyar Konni ko ta Agadas ta ƙara da tsakuwa, fenti ya samu ƙananan ƙofofi. Ruwan Yuli da Agusta na sauka sai abin ya farka. Shi ya sa aikin nan da kaka ya fi zuwa mini.

Akwai kuma namu laifin na gida. Masu wankin mota wasu suna zuba soda ko kanwa a ruwa don ya yanke maiƙon inji. Kowace uwargida ta san yadda kanwa ke dusashe cikin tukunyar dalma ta bar ta baƙi-baƙi. Abin da take yi wa kafo ke nan a duk inda fenti ya buɗe.

Wani Alhaji da ke kasuwanci a Abijan ya kawo mini motarsa ƴar Amurka bayan damina, baƙa, bakin kafon duk ya tashi. Na faɗa masa sai an ciro kafon gaba ɗaya an kife shi a kan tebur, na faɗi kuɗi. Ya dube ni ya ce, "Haba ƙanena, mi ya yi zahi? Wurin bai kai tahin hannu ba. Goge ka sa mastik, ga jika goma." Na ce, "Alhaji, ka zo ka ga bayansa tukuna." Muka ɗaga, na bi naɗin da bakin wuƙa a hankali, farin gari ya dinga zubowa a kan takalminsa tun daga wannan fitila har waccan. Abin da ya gani a sama ɗan kaɗan ne daga abin da ke ciki. Ya yi shiru, can ya ce, "To yi yadda ka gani."

Yadda na gani ɗin, yawancinsa tsabta ce, kuma ita ce ke da wuyar saya wa mutum, don ba a ganinta. Kayan aikin alminiyom a akwatinsu daban suke, da makulli. Guduma, burushin ƙarfen da ba ya tsatsa, samfefa, har tsumma. Samfefar da ta taɓa ƙofar Hiace ba za ta hau kafon nan ba, domin ƙurar ƙarfen da ta ɗauko za ta nutse a cikin alminiyom, ka rufe ta da fenti da hannunka, ka shuka sabon ciwo. Wannan ba camfi ba ne. Kamfanin Ford da kansa ya rubuta wa masu gyaran motocinsa tun 2004 cewa ƙurar ƙarfe da ta hau alminiyom kafin a yi masa fenti ita ce ke jawo irin wannan kumburi. In har a masana'anta abin na faruwa, ina ga rumfar da yaro ke gurzar ƙarfe da inji a gefe guda, tartsatsi na tashi? Ranar aikin alminiyom ba a kunna injin gurza a garejina, ko da mai Hilux zai yi fushi.

Muna cire fenti har mu wuce inda ciwon ya tsaya da kamar faɗin yatsu uku, sai an ga fata mai haske ta ko'ina. Samfefa lamba 80 ce mafi kaushi da nake yarda da ita, daga nan 180, kuma ba a dannawa, don alminiyom yana da taushi kuma yana ɗaukar zafi da sauri, fatar ta lanƙwashe. Ƴan ramukan da garin ya bari sai an bi su ɗaya-ɗaya, in ka bar fari ko ƙanƙani a gindin rami, aikin banza ka yi. Sai a wanke da maganin cire maiƙo, a fesa fentin ƙasa na efoksi mai haɗi biyu nan take, ba a bari ya kwana tsirara. Mastik a kan efoksi yake hawa, ba a kan alminiyom kai tsaye ba. Nan ne masu sauri ke faɗuwa. Bayan haka a toshe naɗin da gam ɗin jikin mota, a sake fentin ƙasa, a goge da samfefa lamba 400, sannan launi da baranishi. Feshin kuwa bayan asuba nake yi, a yayyafa wa ƙasa ruwa, kafin iska ta taso da ƙura. A watan Afrilu da Mayu, in rana ta ɗaga, fenti kan bushe a iska tun kafin ya sauka, ya fito da kaushi.

Wuta kuma wani babi ne. Ƙarfe yana yi maka kashedi: ya yi ja, ka san inda kake. Alminiyom ba ya canza launi, yana kaiwa digiri 660 sai kawai ka ga rami a gabanka, alhali ƙarfe sai ya haura 1,400. Waldarmu ta karbir ba tasa ba ce, yana son injin walda mai iskar argon, kuma kwalbar argon ba abar da za ka aiki yaro kasuwa ya sayo ba ce a Tawa. Ko lotsawa ce, ba ya komawa da duka yadda ƙarfe ke yi. Ka cika bugunsa ya taurare ya tsage. Ɗumi kaɗan ake ba shi, a bi shi da lallashi.

Don haka akwai inda nake tsayawa. Idan ciwon a fatar sama yake, bai huda ba, gyara na da amfani. Idan ya shige cikin naɗi har ya raba fatun biyu, ko ya kai wajen maƙalar da ke riƙe kafo, ba na karɓar kuɗin mutum in ce na warkar, domin ba ni da hanyar shiga tsakanin fatun in share. Kafon da maƙalarsa ta ci kuwa yana iya buɗewa ana cikin gudu ya rufe gilashi. Nan sai a nemi wani. Ina kiran masu kayan gyara na hannu a Yamai, wani lokacin a samu ta Konni daga Sakkwato ko Kano, su turo hoto ta WhatsApp. Hoton sama ba ya gaya mini komai, na bakin ciki nake nema, kusa-kusa, da rana. Daga Yamai tafiyar ta fi kilomita 500 a saman motar haya, don haka ina roƙon a naɗe kusurwoyin da kwali, in ba haka ba ya iso da sabuwar lotsawa. Tsohon kuma ba a yar da shi, maƙeran tukwane na saye da kilo.

Waɗanda ba ma shiri da su su ne wasu dillalan mota, ban ce duka ba. Irin wannan dillali so yake a danne ƙurajen, a shafe, a fesa, mota ta yi kyau har ranar ciniki. Ana samun mai yi masa, kuma da arha. Mai saye ne zai zo wurina bayan damina, ga ciwon farko, ga mastik mai kauri da sai na fara haƙe shi, kuɗin ya ninka. In za ka sayi mota a filin dillalai, ɗaga kafon ka bi bakinsa ta ciki da yatsa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Naɗin masana'anta santsi gare shi, kauri ɗaya. In ka ji tudu-tudu, ko ka ga feshin fenti ya taɓa robar da ke bakin, ko launin kafo ya ɗan bambanta da na gefen mota idan rana ta haska, a cire kuɗin kafo daga cinikin kafin ka biya.