Tsohon Peugeot da ya ƙi kayan kowa

A Harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya da ke kudancin Jidda, na tsinci keken, wata ranar Juma'a bayan la'asar, yana jingine tsakanin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki da tulin kujeru, tayoyinsa sun bushe sun tsattsage kamar ƙasar fadama a bazara. Ya taɓa zama fari, kansa mai lanƙwasa ƙasa ne irin na kekunan tsere, kuma a goshinsa akwai zakin kamfanin Peugeot, wanda duk ɗan Arewa ya sani tun daga jikin motocin 504. Mai kayan bai san shi da wani suna ba face "sikal gadim", wato tsohon keke, saboda haka cinikin bai yi tsawo ba. Na ɗauko shi ina lissafin cewa mako guda ya ishe ni in tayar da shi, tun da na girma ina kwance Raleigh ɗin mahaifina ina ɗaurawa. Mako bakwai aikin ya ci, kuma mafi yawan kwanakin a neman kaya suka tafi.

Giyarsa goma ce, biyu a gaba biyar a baya, birkinsa Mafac Racer, abin canjin giya Simplex, fedarsa kuma mai kota ce (ƙusar da ke riƙe hannun feda), alamun da suka nuna cewa ƙirar shekarun 1970 ne. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, har zuwa farkon shekarun 1980 masu ƙera kekuna a Faransa awonsu daban ne da na Ingila da na Italiya, kuma bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, sai hannu ya ɓata abu tukuna mutum ya gane.

Darasin farko a gidan boris na tsakiya na same shi, inda ƙarfen feda yake juyawa. A keken Ingila, kofin da ke riƙe boris a gefen sarƙa tiredinsa, wato zaren da ake murɗa shi a kai, na hagu ne, wato ana kwance shi ta inda ake ɗaure sauran notuna, kuma wannan ilimin na ɗauko daga yarinta na zo da shi da ƙarfin gwiwa. Dare biyu ina fama da shi a saman bene, na zuba masa kananzir, na ƙara wa sifana tsawo da bututu, har gefen kofin ya fara cinyewa, bai ko motsa ba. Da abin ya gagara sai na saɓi firam ɗin na kai wa wani dattijo Bahaushe mai gyaran keke a unguwarmu, wanda iyayensa ta Sudan suka biyo zuwa aikin Hajji suka zauna. Ya dubi zakin, ya dubi kofin da na raunata, sannan ya tambaye ni ta wane gefe nake murɗawa. Da na nuna masa sai ya yi murmushi.

"Ɗana, ai ɗaure shi kake ta yi. Wannan ba irin na babanka ba ne."

"Baba, ai haka na san ana kwance na dama."

"A keken Ingila ba. Mutanen Faransa duka biyun dama suke yi."

Ya damƙe kofin a bakin matsin ƙarfen da ke kafe a bencinsa, ya kama firam ɗin gaba ɗaya ya juya shi kamar sitiyarin babbar mota, sai muka ji ƙas, ya saki. Daga baya na bi lambobin na tabbatar da maganarsa. Kofin Faransa faɗinsa milimita 35 ne, tazarar tiredinsa milimita ɗaya, na Ingila kuwa inci 1.37 ne, wato wajen milimita 34.8, mai zare 24 a kowane inci, na Italiya kuma milimita 36. Shi kansa tsohon Raleigh na Nottingham zare 26 yake da shi a inci, saboda haka ko a cikin Ingila ba kowane kofi yake shiga kowane keke ba. Dattijon ya ƙara mini da cewa in dai cikin kofin bai rarake ba, mai hankali barinsa yake yi a wurinsa ya wanke shi ta ɗaya gefen, domin samun madadinsa sai an sha wuya. Allah ya taimake ni nawa lafiya lau yake, in ban da tabon sifanata.

Tun daga ranar na sayi ma'aunin kalifa mai nuna lamba, kuma a cikin duk abin da na kashe wa kuɗi babu wanda ya biya ni kamarsa. Da shi na gane cewa wuyan da ke riƙe kan keken milimita 22 ne cif, alhali wanda ake sayarwa a kasuwa 22.2 ne, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya hana shi shiga sai an goge shi da sanfefa. Haka ma feda, a bakinta mai tiredi ta Faransa milimita 14 ce, ta sauran duniya kuwa tara bisa sha shida na inci, wadda ta ɗan fi ta kauri, ta yadda za ta kama zagaye ɗaya ko biyu ta yaudari mutum kafin ta cije. Na bar masa fedarsa ta asali, na wanke na sa giris.

Kota ce ta fi ba ni haushi, saboda ƙanƙantarta. Ƙusa ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, gefe guda a fere, ita ce take riƙe hannun feda a jikin aksil, kuma duk mai gyaran keke yana da ita a gwangwani. Sai dai wadda take cikin gwangwanayen Jidda ta kekunan dako ce, milimita tara da rabi, ramin nawa kuwa tara ne. Tsofaffin biyun na riga na lanƙwasa su wajen cirewa, domin na buga musu guduma ba tare da na tokare hannun fedar da bututu daga ƙasa ba, kuskuren da kan iya lotsa boris ma. Na zaga shagunan kekuna na zamani da ke arewacin gari, inda ake jera kekunan kabon masu giyar Shimano, samarin da ke wurin suka karɓe ni da mutunci, amma wasunsu ba su taɓa riƙe kota a hannu ba. A ƙarshe ta intanet na yi odar guda huɗu daga Faransa, kuɗin aikowa ya ninka kuɗin kayan, na zauna jira. Da suka iso Baba ne ya zauna da zarto yana gyara fuskar kowace ɗaya a hankali har suka yi daidai da juna, sannan ya sa su suna kallon saɓani, domin in ba haka ba fedar hagu da ta dama ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Taya kuwa sunayenta ne suke ruɗarwa. A jikin tsohuwar an rubuta 27 x 1¼, mai shago ya miƙo mini 700C ya ce duk ɗaya ne, wani kuma ya kawo 28 x 1½ ta kekunan dako. Babu wadda ta hau, domin awon gaskiya shi ne faɗin rim a inda bakin taya yake zama: 700C milimita 622 ce, inci 27 kuwa 630, ita kuma 28 x 1½ ɗin 635. Wanda zai sayi taya ya nemi wannan lamba mai uku a gefenta ya rabu da maganar inci. Na yi tunanin sauya ƙafafun gaba ɗaya zuwa 700C, tun da roban birki milimita huɗu kawai zai sauka kuma Mafac yana da wannan sarari, amma faɗin bayan firam ɗin milimita 120 ne, ƙafar zamani kuwa 130 take bukata, ni kuma ban so a buɗe masa ƙarfe da ƙarfi ba. Na yi odar Panaracer Pasela mai inci 27, kuma ba na cika mata iska sosai, saboda tsohon rim ɗin ba shi da leɓen da yake riƙe taya. Rim na ƙarfe mai kurom ba ya kama birki idan ya jiƙe, amma a Jidda kwana nawa ake ruwa a shekara?

Sauran kayan ba su wahalar da ni ba. Abin dariya, boris ɗin keken Faransa da inci ake auna shi kamar na kowa: kwata na inci guda 11 a kowane gefen tsakiya, guda 9 a kowane gefen hob ɗin baya, wato cibiyar ƙafar, kuma duk na same su a wurin Baba. Tub ɗin 700C ya shiga tayar 27, wayoyin birki na zamani sun yi, sarƙar giya shida zuwa takwas ta hau giya biyar lafiya, sai dai ta keken dako ta yi faɗi. Na sayi siraran sifanu na ɗaure hob daga 13 zuwa 16, domin sifanar mota ba ta shiga wurin. Tsatsar da laimar teku ta zuba a kan kurom kuwa, takardar alminiyon ta kicin da ɗan ruwa suka ɗauke mafi yawanta. Fentin ban taɓa shi ba, na wanke na shafa masa kakin mota da tabonsa da komai.

Ranar Asabar da ta wuce bayan sallar asuba na hau shi a Kornish, titin bakin tekun Jidda, tun iska ba ta ɗumama ba. Yana tafiya shiru, in ban da giya ta biyu a baya da take tsalle idan na taka da ƙarfi, alamar haƙoranta sun cinye. Firiwil ɗin, wato tarin giyoyin baya, shi ma tiredin Faransa ne, kuma abin kwance shi daban ne da wanda nake da shi. Baba ya ce yana jin akwai irinsa a cikin wata tsohuwar akwati a gidan ƙaninsa a Makka, zai duba idan ya je Umara.