Umara da 'yar rauta a jakar hannu

Mu biyar muka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano: ni, Hajiya mahaifiyarmu, Gwaggo, maiɗakina da ƙanwata. Mutum biyar, waya bakwai, ga kwamfutar tafi-da-gidanka. A jakar hannuna kuma akwai wata 'yar na'ura mai kunnuwa biyu da za ta shiga aljihun riga, rauta ta matafiya. Tana aiki da OpenWrt, manhajar nan ta kyauta da aka faro a 2004. Aikinta ta kama waifai ɗin masauki a matsayin na'ura ɗaya, sannan ta watsa nata a cikin ɗaki. Tun a gida na raɗa mata suna, na sa kalmar sirri, na haɗa wayar kowa da ita, don duk inda aka kunna ta wayoyin su gane ta da kansu.

Saboda Hajiya na ɗauko ta. Hajiya tana karanta Alƙur'ani da ajami, amma ba ta yi boko ba. Duk hulɗarta da jikoki a WhatsApp ta saƙon murya ce. Shafin nan da ke tare mutum a waifai ɗin otal, mai neman lambar ɗaki da sunan mahaifi da danna ƙaramin akwati da Turanci ko Larabci, ita da Gwaggo katanga ce a wurinsu. Abin yana damuna ƙwarai, domin waɗanda suka tsara shafukan nan ba su yi tunanin tsohuwar da ta bar gida karon farko ba, alhali irinta sun cika masaukan Madina da Makka.

A filin jirgin da muka yada zango a hanya, waifai ɗin ya nemi lambar waya don ya turo lambar tabbaci. Layukanmu na gida ba su da sabis a can, saƙon bai zo ba. Babu abin da rauta za ta iya a kan wannan, sai muka haƙura muka jira jirgi.

Da asuba muka sauka a filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz. Masaukinmu yana unguwar Markaziyya, tafiya kaɗan zuwa harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Na sayi layi ɗaya na ƙasar, da fasfo da dangwala yatsa, saboda zirga-zirgar waje da manhajar Nusuk, wadda ta nan ake neman izinin shiga Rauda. Sauran wayoyin kuwa sai waifai. Ma'aikacin karɓar baƙi ya ce na'ura biyu aka yarje wa kowane ɗaki, kuma kullum sai an sabunta shiga. Na fito da rautar na nuna masa, na gaya masa abin da take yi da dalilina. Ya ce in dai mutanen ɗakunanmu ne ba laifi. Ni a wurina wannan tambayar wajibi ce. Intanet ɗin nasu ne, kuma mutum bai zo ibada ya fara da zagaye mai gida ba.

Wutar Saudiyya soket ɗinta mai baki uku ne irin namu, don haka na jona kawai. Rautar ta kama waifai ɗin otal, fitila ta yi fari, wayoyi bakwai suka hau. Amma intanet shiru, shafin shiga kuma ya ƙi fitowa. Hajiya ta ɗago waya ta ce, "Kai, ga alamar ta cika amma saƙon yaran nan ya ƙi tafiya." Na ce, "Hajiya, ku ɗan ƙara haƙuri, yanzu zai tafi in sha Allahu."

Sai an fahimci yadda shafin yake aiki kafin a san inda ya maƙale. Kamar maigadi yake a bakin ƙofa: duk wanda bai sani ba sai ya tsayar da shi ya rubuta sunansa, daga nan ya riƙa barinsa yana wucewa. Abin da yake rubutawa shi ne lambar MAC, wato lambar shaida mai harafi da alƙalami goma sha biyu da kowace na'ura ke nunawa. Waya kuma tana da dabarar gane ko an tare ta. Ta Android tana aika ɗan saƙo zuwa wani adireshin Google tana jiran amsa mai lamba 204. Ta Apple tana tambayar captive.apple.com. Idan wata amsa dabam ta dawo, sai wayar ta gane akwai shafi a gaba, ta buɗe shi.

Abu uku suka haɗu suka toshe hanyar a ɗakinmu. Rautar tana da kariyar da ke watsi da duk amsar DNS, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshinsa na lamba, in dai amsar tana nuni zuwa adireshin cikin gida, shafin otal kuwa a irin wannan adireshin yake zaune, sai ta ɗauke shi a matsayin hari. Na shiga 192.168.8.1, shafin saita rautar, na kashe kariyar na ɗan lokaci. Sannan VPN ɗin da ke kan rautar, wato ɓoyayyiyar hanyar da bayanai ke bi su fita, an saita shi ya hana komai fita in bai haɗu ba, shi kuma ba zai haɗu ba sai an wuce shafin. Na dakatar da shi. Na ƙarshe a wayata yake, DNS na sirri da Android ya zo da shi tun fitowa ta 9. Da na kashe shi na rubuta neverssl.com a burauza, shafin ya faɗo. Amfanin wannan adireshi shi ne ba ya amfani da HTTPS, tsarin da ke kulle bayanai tsakanin waya da shafi, don haka otal na iya karkatar da shi, abin da ba ya yiwuwa da shafuka irin su Google ko Facebook. Na sa lambar ɗaki da suna, saƙonnin Hajiya suka tafi a jere.

Matsalar da ta rage ita ce sabuntawar kullum. Wa'adin yana ƙarewa ne daidai lokacin da nake masallaci tsakanin magariba da isha, Gwaggo kuma ciwon gwiwa kan tsare ta a ɗaki, sai ta zauna ba hanyar kiran kowa. Bayan isha na buɗe kwamfuta, na danna F12 a burauza don ta nuna saƙonnin da ke fita, na shiga shafin ina kallon abin da yake aikawa. Saƙo ɗaya ne tak, ɗauke da lambar ɗaki da suna da alamar amincewa. Na kwafe shi a matsayin umarnin curl, manhajar da ke aika irin wannan saƙo ba tare da burauza ba, na rubuta 'yan layuka a kan rautar: duk bayan minti biyar ta yi tambayar nan ta 204, in amsar ta zo ta yi shiru, in ba ta zo ba ta aika saƙon shiga da bayanan da otal ya ba mu. Wanda ba ya son rubuta nasa daga tushe, akwai Travelmate a cikin OpenWrt, yana lura da haɗin kuma yana kiran irin wannan umarni da kansa. Daga ranar ba wanda ya sake ganin shafin har muka bar Madina.

Mun ɗaura harami a Zul Hulaifa, muka hau jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018. Kilomita 450 ne tsakanin biranen biyu, jirgin kuma yana kaiwa gudun kilomita 300 a awa. Hajiya, wadda ta sha jin labarin yadda mutane a da suke kwana a mota kan wannan hanya, talbiyya kawai take yi tana kallon duwatsu suna wucewa.

A Makka mun sauka a Misfala, inda Hausa ke tashi a kan titi da shaguna har mutum ya manta ba a gida yake ba. Bayan mun kammala Umara mun huta, na jona rautar, sai ta zo da sabon salo: ta kama, ta yi minti kaɗan, ta mutu, ta sake tashi. Na duba kundin da take rubuta abin da ke faruwa, ba wani kuskure, kunnawa ce kawai daga farko. Wuta ce ba ta ishe ta ba. Ramin USB na jikin bangon ɗakin ba ya ba da ƙarfin da take buƙata, musamman tana kamawa tana watsawa a lokaci guda. Da na mayar da ita kan caja mai ƙarfi ta zauna daram. Waifai na da zango biyu, na 2.4 GHz kuma a cunkushe yake, ɗakuna ɗaruruwa a gini ɗaya, sai na sa ta kama na 5 GHz na ajiye ta kusa da ƙofa.

Umarnin Madina bai yi aiki a nan ba. Shafin wannan otal yana ɓoye wata lamba da ke canzawa duk lokacin da aka buɗe shi, kuma ba ya karɓar saƙon da bai zo da sabuwar ba. Gyaran shi ne a yi aikin hawa biyu: rautar ta fara ɗauko shafin, ta ajiye kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke bari don ya gane mai ziyara, ta tsamo lambar, sannan ta aika. Kafin in gama rubuta wannan, sai na bi gajeriyar hanya don mata su samu intanet: na shiga da wayata kai tsaye, na kwafi lambar MAC ɗinta na ɗora wa rautar, na cire wayar daga waifai ɗin otal. A nan sai an kula. Tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lambar MAC dabam ga kowane waifai, don haka wadda ake kwafa ita ce ta cikin bayanan wannan waifai ɗin, ba ta jikin wayar ba. Kuma kada waya da rauta su hau da lamba ɗaya a lokaci guda, duk biyun za su riƙa yankewa.

Maƙwabtan ɗakinmu mutanen Maraɗi ne. Dattijuwarsu ta ji Hajiya tana hira da jikoki, ta turo jikanta ya tambayi kalmar sirri. Na ce masa izinin da na nema a wannan otal ma na ɗakunanmu ne, amma ya kawo wayoyin. Tasa tana da DNS na sirri a kunne, ta kakarsa kuma shafin ne kawai bai fito ba. Na nuna masa inda zai kashe, na sa ya rubuta neverssl.com da hannunsa, ya cike lambar ɗakinsu, na kuma gaya masa gobe war haka zai maimaita wa wayoyin biyu.